Kamaru: Abin da doka ta tanada kan mai taɓin hankali da ya aikata laifi

A Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa da ke Yaounde, kamar a ko'ina cikin Kamaru, kundin hukunta laifuka na ranar 12 ga Yulin 2016 ne ke fayyace makomar mai taɓin hankali da ya aikata laifi.

Aya ta 78 ta ɗauke alhakin laifi daga wanda ciwon ya gusar da hankalinsa har bai san abin da ya aikata laifi ba ne. Idan ciwon bai kai haka ba, sassauci kawai zai samu.

Sai dai wanke shi ba ya nufin ya koma gida. A ƙarƙashin aya ta 43, idan hukuncin laifin ya kai ɗaurin shekara 2 ko fiye, kuma kotu ta ga sakinsa haɗari ne ga jama'a, za ta sa a tsare shi a gidan jinya na musamman. Dokar ba ta yanka wa'adi ba. Kotun ce kaɗai ke iya sallamarsa, bayan likitoci sun tabbatar haɗarin ya kau, don haka dangi ba su da ikon ɗauke shi.

Aya ta 44 kuwa ta shafi wanda aka yanke wa hukunci: jinyar mashayin giya ko ƙwaya ba ta wuce shekara 2, ta mai raunin hankali kuma shekara 5.

A Yaounde, asibitin Jamot ne babbar cibiyar kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa.