Hayaƙin Murhu a Ƙasar Gobir: Daga Alƙalawa Zuwa Tukunyar Gas

Masu rubuta tarihin Gobir sun fi mai da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe: Babari da ya kafa Alƙalawa, Bawa Jan Gwarzo da kwarjininsa, Yunfa da faɗuwar birnin a 1808, sai kuma Ɗan Halima da ya baro Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Ni kuwa a nan murhu zan bi, domin ina ganin duwatsun nan uku da ake ɗora tukunya a kansu suna riƙe da wani tarihi da ya shafi kowane gida daga Isa har bakin iyaka, wato tarihin abin da muke ƙonawa da abin da ke tashi sama idan mun ƙona.

Cikin abin da ke tashin akwai iskar da masana ke kira mitan. Ba ta da launi, ba ta da wari. Takan yi kimanin shekara 12 a sararin sama kafin ta lalace, amma idan aka auna a kan shekara 20, zafin da take riƙewa ya ninka na iskar kabon fiye da sau 80. Kafin zamanin masana'antu yawanta a iskar duniya kimanin kashi 720 ne cikin biliyan. Yau ya haura 1,900. Shanu da fadamun shinkafa suna fitar da nasu kason, amma wannan babi ne na daban. Abin da ya shafe mu shi ne wuta. Itace busasshe da ya sami isasshiyar iska yakan ci tas, mitan ɗin da yake bari kaɗan ne. Ɗanyen itace, da kandilo, da buntun shinkafa, da duk wutar da ke cin ciki tana turnuƙe ɗaki da hayaƙi, su ne ke sakin ta da yawa. Ke nan duk macen da ta taɓa durƙusawa tana hura wuta da damina idonta na hawaye ta san wannan iska, ko da ba ta san sunanta ba.

A ƙarni na 19 mutane kaɗan ne, daji kuwa ba iyaka. Kara da kirare sun ishi girki, maƙera ne kawai ke neman gawayin ƙirya don zuga da narka tama. Abin lura shi ne yaƙi ya tsare dajin. Tsakanin yankin Isa da Wurno akwai dajin Gundumi, wanda matafiya ke ketawa ba tare da yada zango ba saboda tsoron hare-haren Gobirawa da ke gaba da Sakkwato. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853, tafiyar da ta kai yini da kwana ba hutu. Inda mutum bai isa ya kwana ba, ai bai isa ya kafa gatari ba. Marke da ƙirya da taramniya suka yi ta girma abinsu.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, aka shata iyaka tsakaninsu da Faransa, aka raba Gobir biyu: Tsibiri can, Sabon Birni nan. Hare-hare suka lafa, jama'a suka fito daga ganuwa suka bazu, gonaki suka ci daji. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, yana kwasar gyaɗa da auduga yana kawo kananzir da fitilar ƙwai. Sai dai kananzir ɗin na haske ne. Tuwo bai bar kan itace ba. Wannan shi ne ginshiƙin labarin gaba ɗaya, kuma ba wani abin mamaki a cikinsa: muddin murhu bai sauya ba, hayaƙi yana bin yawan bakunan da ake ciyarwa. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, ta 2006 ta ba ta miliyan 140. A waccan ƙidaya ta biyu ƙaramar hukumar Sabon Birni ta haura mutum 200,000, Isa kuma ta doshi 150,000. Kowane gida a cikinsu yana hura wuta sau biyu ko uku a rana.

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun ƙara wani abu da lissafin yawan jama'a bai bayyana shi. Itatuwa sun mutu a tsaye, manomin da gonarsa ba ta yi ba ya koma sayar da itace don ya sayi hatsi. Da manyan itatuwa suka yi nisa, sai aka koma sabara da kalgo, aka koma karan da ya kamata ya ruɓe a gona, aka koma kandilon da ya kamata ya zama taki. Ƙarancin itace bai rage hayaƙi ba, sauya masa iri ya yi zuwa mafi muni, ƙasar noma kuma ta rasa abincinta.

A daidai waɗannan shekaru wata wutar tana ci dare da rana a kudancin ƙasar. An sami man fetur a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Iskar gas da ke fitowa tare da man, wadda mafi yawanta mitan ce tsantsa, sai a cinna mata wuta a bakin bututu. Wadda wutar ba ta cinye ba, da wadda ke yoyo, ta tafi sama yadda take. Dokar 1979 ta sa ranar 1 ga Janairu 1984 a matsayin ranar daina wannan ƙone-ƙone. Ranar ta zo ta wuce, aka yi ta ɗage wa'adi ana cin tarar da ba ta kai ta kawo ba. A ganina babu hoton da ya fi wannan bayyana yadda aka tafiyar da arzikin ƙasar: makamashin da zai dafa abincin miliyoyin gidaje yana ƙonewa a banza a bakin teku, yarinya a ƙauyen Isa tana yini a daji don ɗaurin kirare guda.

An ɗan sami sauƙi, amma a gari. Matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980, kananzir mai tallafi ya wadata, risho ya shiga gidajen malaman makaranta da ma'aikata da kayan ɗakin amare. Wutar risho shuɗiya ce, mitan ɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da ɗanyen itace. Sauƙin bai daɗe ba. Matatu suka durƙushe, kananzir ya koma na layi da 'yan bumburutu, a 2016 aka janye tallafinsa. Wanda ya saba da wuta marar hayaƙi ba ya son komawa itace, don haka sai ya nemi gawayi.

Nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Gawayi a kurfoti tsaf yake, ba hayaƙi, ba baƙin tukunya, har mai girki ta ɗauka ta ci gaba. Hayaƙin an riga an yi shi a daji. Mai gawayi yakan jera gumagumai, ya lulluɓe su da ciyawa da ƙasa, ya cinna wuta ya toshe mata iska ta yi kwanaki tana cin ciki. Wannan shi ne ainihin yanayin da mitan ke fita da yawa, kuma a irin wannan rami akan ƙone itacen da ya ninka nauyin gawayin sau biyar ko fiye. Birni ya rabu da hawaye, ƙauye ya rasa marke da ƙirya, sararin sama ya karɓi fiye da abin da yake karɓa a da. Tukunyar gas, wadda iskarta ba mitan ba ce, da ta warware matsalar, amma kuɗin cika ta ya fi ƙarfin mai saye da kwano, balle bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ɗaga kuɗin dakon komai.

Sai kuma tsoro ya dawo Gundumi. 'Yan bindiga suka mamaye dazuzzukan gabashin Sakkwato, ƙauyuka suka watse, wasu suka tsallaka jihar Maraɗi, wasu suka tare a garuruwan Isa da Sabon Birni. A watan Satumba 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Amma wannan karon tsoro bai tsare itatuwa kamar zamanin Barth ba, domin jama'ar da suka cunkushe a gari dole su ci abinci, sai saran ya koma kan abin da ke kusa: dogon yaron bakin hanya, gawon gona, har saiwa. Wata biyu bayan wannan doka, a taron Glasgow, Nijeriya ta shiga sahun ƙasashen da suka yi alkawarin rage mitan na duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. Bututun gas da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 daga Ajaokuta, mai tsawon kilomita 614, a Kano zai tsaya.

Abin da ya fi kusa da murhun Bagobira yana tsallaken iyaka. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani: idan an zo sharar gona ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a bar shi ya tashi, a rage sauran. Cikin 'yan shekaru gona takan ba da rassan da za a sassabe a shanya su bushe sosai kafin su shiga wuta, kara da kandilo kuma su zauna a ƙasa. Masu wannan aiki a Tsibiri da Gidan Runji dangin mutanen Sabon Birni ne, harshe ɗaya, tsaga ɗaya, kuma sabara da kalgon da suke renowa su ne dai ke tohowa a gonakin wannan gefen duk bazara kafin a sa musu adda.