Daga gizago zuwa injin da kwamfuta ke tuƙawa

Duk kafintan da ke kallon bidiyo a waya ya taɓa cin karo da injin nan mai sassaƙa katako shi kaɗai, yana fidda furanni a kan gado ba hannun kowa. CNC ake ce mai. Shin ana iya haɗa irinshi a gida? Bari mu bi tarihinshi tukuna.

Mu nan da gizago muka taso. Masassaƙi ya samu ƙirya ya fafe turmi, awonshi duk a ido. Kafinta da zarto da ƙusa daga baya suka zo, zamanin Nasara.

Shi kuwa wannan inji ba don gado aka ƙirƙiro shi ba. A ƙarshen shekarun 1940, wani Ba'amurke, John Parsons, mai ƙera farfelar jirgi mai saukar ungulu, ya yi tunanin a riƙa ba inji awo da lambobi. Sojan saman Amurka suka zuba kuɗi, a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin farko, yana karanta umarni daga dogon zirin takarda mai huji-huji. Tsadarshi sai manyan masana'antu. Katako ya shigo hannun ƙananan masu sana'a ne ta wajen irin su Ted Hall, wanda ya haɗa nashi don yankan falankin kwalekwale, ya kafa kamfanin ShopBot a 1996. Sai ga Arduino daga Italiya a 2005, ɗan allo kamar tafin hannu, sannan manhajar GRBL ta kyauta a 2009. Daga nan ƙwaƙwalwar injin ta yi araha.

Kar wani ya ce sai Turawa. A Lome ta Togo, a 2013, Afate Gnikou ya haɗa injin buga kaya na 3D da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. Dabarar guda ce: motoci uku, ɗaya gaba da baya, ɗaya hagu da dama, ɗaya sama da ƙasa.

To amma katako yana turjiya. In gangar jikin injin na rawa ko kaɗan, zanen ya karkace, katakon da aka sayo da tsada daga Maraɗi ya tafi a banza. Shi ya sa, a ganina, mai walda za a fara nema kafin ɗan boko. Sai kuran. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, injin da ba a sa wa makunnan gane mafari ba ya ɓace hanya ke nan. Ga ƙurar hunturu da garin katako masu cin ƙarafan da yake gudu a kai. Mai wannan niyya ya lissafa kuɗin sola da batir tun kafin ya yi odar moto ko ɗaya daga Kano.