Gara da Magina: Tsohuwar Gaba a Gindin Bango

Tsohon magini a Zariya ko Kano, idan aka kira shi duba gida, ba ya fara da ɗaga kai sama. Durƙusawa yake yi a gindin katanga, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa yana saurare. In ya ji wurin ya amsa kamar ƙwarya, ko ya ga siririn layin jar ƙasa ya hau bango kamar jijiya, to ya san gara ta riga shi zuwa.

Gara ba ƙasa take ci ba. Abin da ke jawo ta shi ne ciyawar da ake kwaɓawa da ƙasar gini, da itacen rufi, da tabarma ko buhun hatsin da aka jingina da bango. Daga shurinta take biyo ƙarƙashin ƙasa, ta ratsa harsashi, ta haura ta cikin tubali, tana lulluɓe hanyarta don gudun iska da rana. Daga waje bango lafiya lau, ciki kuwa duk ƙofofi. Gafiya ma ba ta bar gindin katanga ya huta ba: ramin da ta haƙa da rani shi ruwan Agusta ke bi ya jiƙa harsashi, wata safiya a wayi gari katanga ta zauna.

Da wannan gaba aka gina sana'ar, har ta sami sarautarta, Sarkin Magina. Babban makamin magina shi ne azara, wato gangar giginya da aka tsaga. Zarenta baƙi ne mai tauri, gara ba ta cika samun sa'arsa ba, kuma masana itacen sun fi son namijin giginya. Sai dai azara tana da sharaɗi: in aka shimfiɗa ta da tsawo, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta. Shi ya sa ɗakunan soro na da suke da ƙunci. Mai son fili sai a yi masa baka, wato bakan gizo, a riƙa ɗaura gajerun azara ɗaya bisa ɗaya, ana tura su ciki a hankali har su haɗu a sama. Ƙwaro ne ya zaɓa wa magini itace, itacen kuma ya koya masa bakan gizo.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙarshenta shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Ƙasa da azara ne kawai suka riƙe waɗannan manyan bakuna, kuma sun tsaya fiye da ƙarni guda kafin a kewaye babban ɗakin da ginin siminti a shekarun 1970.

A ƙasa kuwa dabarun ba su da ado. Ana faɗaɗa gindin bango, ya riƙa sirancewa yayin da yake hawa. Ana yaɓe da makuba, ruwan kwasfar ɗorawa, ko da katsi daga karofin marina, don kada danshi ya zauna, domin inda laima take nan gara ke tarewa. Mata su yi daɓe har tsakar ɗaki ta yi santsi, a zuba toka a kusurwa. Rumbu kuma ba a yarda ya taɓa ƙasa ba sam, a kan duwatsu ake ɗora shi, kaji na kiwo a ƙarƙashinsa suna tsince duk abin da ya motsa. Shurin da ya matso gida a tone shi har a kai ga uwar garar, a kwashe ƙasarsa mai danƙo a yi aiki da ita.

Da bulo da kwano suka shigo, mutane da yawa sun ɗauka an rabu. Ina! Gara na samun tsaga a fandisho, ta bi bayan filasta ta isa katakon rufi, wanda yawanci bai kai azara tauri ba ko kusa. Yau kafinta na shafe katako da baƙin mai, birkila na kwarara magani a ramin harsashi. Duk da haka, daren da aka yi ruwan farko, shinge, wato gara mai fiffike, na fitowa daga gindin bango ya rufe ƙwan lantarki, yara na bin sa da kwanon ruwa, maigida kuwa ya ɗauko tocila yana neman ramin da ya fito.