Gano Matsalar Wutar Gida Bayan Canza Makunnin Fitila

Sau da yawa akan canza makunnin fitila a ɗaki, a dawo da wuta, sai ƙwai ya ƙi kamawa, ko wasu ɗakunan su yi duhu, ko bireka ta riƙa faɗuwa. Idan komai lafiya yake kafin a taɓa makunnin, to kusan kullum matsalar tana cikin akwatin da aka buɗe.

Wutar gidaje a Najeriya tana zuwa ne da ƙarfin bolt 230, kuma tsarin jan wayar ya bi na Birtaniya. A tsohon tsarin launi, ja ita ce waya mai ɗauke da wuta, wadda masu gyara ke kira layif, baƙa ita ce nutiral, koriya kuma ta ƙasa. A sabon tsari, layif ruwan ƙasa ce, nutiral shuɗiya, ta ƙasa kuma kore da rawaya. Ana samun duka biyun a gida ɗaya. Aikin makunni shi ne ya yanke layif kaɗai, ya bar nutiral ta wuce zuwa ƙwai.

Kafin a kwance komai, a kashe bireka ta layin fitilu a babban akwatin rarraba wuta. Ɗaukewar wuta daga kamfani ba kariya ba ce, domin ana iya dawo da ita a kowane lokaci, kuma a gidan da ke da inbata ko janareta, layin fitilu shi ne aka fi ɗora musu. A kashe su su ma, sannan a gwada kowace waya. Tasta mai ɗan haske tana iya yaudara, don haka mitar awon wuta ta fi aminci.

Idan ƙwai ya ƙi kamawa sam, a fara da gwada wani ƙwan. Daga nan a duba ko sukurun ya danne robar waya maimakon tagullar, ko wayar ta karye a bakin rami. Wani kuskuren kuma yana fitowa daga rubutun da ke bayan makunnin. Yawancinsu suna da ramuka uku: COM, L1 da L2. Layif tana shiga COM, wayar da ke zuwa ƙwai tana shiga L1. Wanda ya sa su a L1 da L2 ba zai ga haske ba ko sau nawa ya danna, wanda ya sa ta ƙwai a L2 kuma makunninsa zai yi aiki a juye.

Duhun wasu ɗakuna ya fi rikita mutane. A gidaje da yawa layif tana shiga makunni ɗaya ta fita zuwa na gaba, shi ya sa ake tarar da jajayen wayoyi biyu a rami ɗaya. Wurinsu COM ne, tare. Idan aka raba su, ɗaya ta koma L1, fitilun gaba ba za su kama ba sai an kunna wannan makunnin. Idan ɗayar ta sulluɓe, ba za su kama ba gaba ɗaya.

Bireka da ke faɗuwa da zarar an danna makunni tana nuna cewa layif ta haɗu da nutiral ko da wayar ƙasa. Ko dai an cusa nutiral cikin makunnin, ko sukurun murfi ya huda waya ya haɗa ta da akwatin ƙarfe. Kada a yi ta mayar da bireka, kuma kada a musanya ta da mai ƙarfin da ya fi nata, domin wayar fitilu siririya ce, yawanci mai kaurin 1.5, kuma ita za ta ƙone a cikin bango. A nan launi ma yana ruɗarwa: baƙar wayar da ke cikin makunni wani lokaci ita ce ke mayar da wuta zuwa ƙwai. Ƙa'ida ta ce a naɗa mata jan tef, amma ba kowa ke yi ba.

Ƙwan LED da ke ɗan haske bayan an kashe shi yana iya kasancewa saboda ƙaramar fitilar da ke jikin wasu makunnai. Yana kuma iya nufin nutiral aka yanke maimakon layif, wato mazaunin ƙwan yana ɗauke da wuta ko da a kashe yake, kuma mai canza ƙwai na iya shan shokin.

Makunni mai zafi, ko mai ƙara, ko mai warin ƙonewar roba, alama ce ta wayar da ba a ɗaure da kyau ba. A kashe layin nan take. Tantance layif a cikin wayoyin da suka cakuɗe yana buƙatar awo da wuta a kunne, kuma wannan aikin ƙwararre ne. Hukumar NEMSA, wadda dokar shekarar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin jan wayar lantarki takardar shaidar ƙwarewa, kuma mai gida yana iya neman ganinta kafin a fara aiki.