Kuskuren d'Alembert da jadawalin ɗan aji bakwai

A shekarar 1754, Jean le Rond d'Alembert, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na Faransa, ya rubuta maƙala a kundin ilimi na Encyclopédie a kan jefa kwabo. Tambayar ita ce: idan aka jefa kwabo sau biyu, mece ce yiwuwar fuskarsa ta bayyana aƙalla sau ɗaya?

A ganinsa hanyoyi uku ne kawai: fuska ta fito a jifan farko, wasa ya ƙare, ko ta fito a na biyu, ko ta ƙi fitowa sam. Saboda haka ya ce amsar biyu ce cikin uku. Amma hanyoyin nan uku nauyinsu ba ɗaya ba ne. Idan aka jera sakamakon jifa biyun a cike, huɗu ne: fuska da fuska, fuska da baya, baya da fuska, baya da baya. Uku daga ciki suna ɗauke da fuska, don haka amsar uku ce cikin huɗu.

Abin mamaki, Galileo ya riga ya warware irin wannan matsala a Italiya tun farkon ƙarni na 17. 'Yan caca sun lura cewa idan aka jefa ƙwayoyi uku irin na ludo, jimillar 10 ta fi 9 yawan fitowa, alhali kowacce haɗi shida ne ke ba da ita. Galileo ya ƙirga dukkan sakamako 216, ya nuna cewa 27 suna ba da 10, 25 suna ba da 9. Dalili kuwa, haɗin 3, 3, 3 ta hanya ɗaya tak yake faɗowa, shi kuwa 1, 3, 6 ta hanyoyi shida.

A yau wannan ƙirga darasin yara ce. Ƙa'idojin karatu na Common Core da aka fitar a Amurka a 2010 sun tanadi cewa ɗalibin aji bakwai ya iya gano yiwuwar al'amura biyu ko fiye da suka haɗu, ta hanyar jeri, jadawali, zane mai rassa da kwaikwayon gwaji. Manufar ita ce yaro ya saba jera kowane sakamako kafin ya yanke hukunci. A kan wannan tarbiyya aka gina lissafin inshora da fassarar gwajin asibiti, inda haɗe hanyoyi biyu a ƙirga su a matsayin ɗaya yake iya jawo asarar dukiya ko lafiya.