BABI NA BIYU: TARIHIN KALMOMIN KIWON LAFIYA A ƘASAR JEGA, ALIERO DA MAIYAMA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin kalmomin da ake amfani da su wajen ambaton cuta da magani a Jega da Aliero da Maiyama, waɗanda dukkansu suke cikin masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a shekarar 1991. Manufar ita ce a nuna cewa Hausa tana da nata ɓangarorin kalma da take gina sunayen cututtuka da su, kuma waɗannan sunaye sun taru ne a zamuna uku: zamanin gargajiya, da na zuwan ilmin Larabci, da na asibiti.

2.1 Zamanin Gargajiya

Tun kafin zuwan asibiti, kiwon lafiya yana hannun maɗora da wanzamai da ungozomomi da 'yan magori. Garin Aliero ya yi suna ƙwarai a sana'ar ɗori, wadda ake gado daga iyaye, har ana kawo masu karaya daga wasu jihohi da kuma Jamhuriyar Nijar. Maɗori yana bambance karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, domin kowanne da irin aikin da ake yi masa.

Idan aka dubi ƙirar kalmomin wannan zamani, za a ga hanyoyi biyu ne suka fi yawa. Ta farko ita ce amfani da ɗafa-goshin ma-, wanda yake nuna mai aikata abu ko wurin da abu yake. Misali:

ɗori, maɗori
jinya, majinyaci
fitsari, mafitsara
haihuwa, mahaifa
ɗaci, maɗaciya

Ta biyu kuwa ita ce harɗa kalmomi biyu ta hanyar mahaɗin -n ko -r, kamar ciwon kai, da ciwon ciki, da tarin shiƙa. Abin lura a nan shi ne, galibin tsofaffin sunaye suna bayyana abin da ido ya gani ne, ko abin da aka yi imani shi ya kawo cutar. Sanƙarau ya samo sunansa daga sanƙarewar wuya. Shan-inna kuwa ya samo asali daga imanin cewa iskar da ake kira Inna ce take shanye ƙafar yaro.

2.2 Zuwan Ilmin Larabci

Bayan jihadin 1804, wannan yanki ya koma ƙarƙashin Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna. Daga cikin littattafansa akwai Masalihul Insan, wanda ya tattauna maslahar addini da ta jiki. Haka nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da wani na musamman a kan cutar basur. Shi kansa garin Jega, wanda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa bayan jihadi, ya zama babbar kasuwa inda fatake da almajirai suke haɗuwa, wanda hakan ya taimaka wajen yaɗuwar kalmomin aro.

Kalmomin Larabci da suka zauna a wannan fage sun haɗa da lafiya, da annoba, da basur, da allura. Wasu kuma ta hanyar karatun fiƙihu suka shigo, kamar haila da maniyyi. A cikin lafiya da annoba da allura, Bahaushe ya haɗiye al- ta Larabci ta zama ɓangaren kalmar. Wani lokaci ma'ana kan sauya. Kalmar ɗibbu a Larabci tana nufin ilmin likitanci baki ɗaya, amma a bakin Bahaushe ta karkata zuwa ga aikin asiri.

2.3 Zamanin Asibiti

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, daga nan kuma maganin boko ya fara shigowa da nasa kalmomi. An ari wasu aka yi musu kwaskwarima, kamar asibiti da likita da nas da bandeji. Kalmar tiyata a asali sunan ɗakin da ake yin aikin ne, amma a Hausa ta koma sunan aikin kansa. Wani likitan gwamnatin mulkin mallaka, J. M. Dalziel, ya buga jerin sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa a 1916, sannan ƙamusun Bargery na 1934 ya adana tsofaffin sunayen cututtuka masu yawa.

Kalmomin likitocin boko yawanci daga Girkanci da Latin aka gina su. Misali, hepatitis ta ƙunshi saiwar hepat- mai nufin hanta, da ɗafa-ƙeyar -itis mai nufin kumburi. Da ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo suka buƙaci fassara irin waɗannan, sai suka koma ga tsohuwar hanyar harɗawa, aka sami ciwon hanta, da ciwon ƙoda, da ciwon suga, da hawan jini, da zazzaɓin cizon sauro. Bambancin waɗannan da na dā shi ne, suna ambaton gaɓar da ta kamu ne ko musabbabin cutar.

Wasu sunaye kuma sun shuɗe tare da cutarsu. An tabbatar da kawar da agana daga duniya a 1980, an kuma tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu a 2013. Saboda haka da wuya a ji su yau sai a bakin tsofaffi.

2.4 Matsalar Haɗuwar Sunaye

A Jega akwai kwalejin horar da ma'aikatan lafiya ta jiha, a Aliero kuma an kafa jami'ar kimiyya da fasaha a 2006. Da Ingilishi ake koyarwa a waɗannan makarantu, alhali majinyacin da ya taso daga ƙauyukan Maiyama da tsofaffin sunaye yake zuwa, kuma da karin harshen Sakkwatanci, inda zafi yake zama zahi, fata ta zama hwata. Idan ya ce yana da shawara, rawayar ido yake nufi, wadda ciwon hanta ko zazzaɓin cizon sauro ko sikila duk suna iya kawowa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Haka kalmar sanyi take ɗaukar ciwon gaɓɓai da mura da cututtukan al'aura. Uwar da ta ɗauki shan-inna a matsayin aikin iska kuwa, ba lallai ba ne ta ga dalilin ɗiga wa ɗanta maganin rigakafi. Ma'aikacin da bai tsaya ya tambayi abin da ake nufi da sunan ba yana iya ba da maganin wata cuta daban.

2.5 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa kalmomin lafiya na wannan yanki sun fito daga tushe uku, kuma duk ukun suna aiki tare a bakin jama'a. Don haka, ɗalibin da ya haddace saiwoyin Girkanci yana buƙatar sanin na Hausa kafin ya zauna gaban majinyaci. A babi na gaba za a ƙwanƙwance ƙirar kalmomin ɗori ɗaya bayan ɗaya.