Jalalaini: Gajeren Tafsiri Mai Doguwar Tafiya

Idan azumi ya kama, daga nan Tumbutu ta yankin Malanville (ba Tumbutun Mali ba) zuwa Gaya da ke tsallaken gada, har Kamba da Birnin Kebbi, littafi guda za ka fi gani a gaban masu tafsiri. Mai jan baki ya ja aya, malam ya duba littafin, sannan ya fassara da Hausa ko Dendanci. Littafin nan shi ne Jalalaini, kuma ya haura shekara 550 a duniya.

Ma'anar sunan ita ce Jalalu biyu, domin malamai biyu na birnin Alƙahira suka rubuta shi, dukansu 'yan mazhabar Shafi'iyya. Jalaluddin al-Mahalli ya fara daga Suratul Kahfi zuwa Nasi, ya koma kan Fatiha, sai ajali ya riske shi a 1459. Almajirinsa Jalaluddin as-Suyuɗi ya ɗauki ragowar, daga Baƙara zuwa Isra'i, ya kammala cikin kwana 40 a shekarar Hijira ta 870, yana ɗan shekara 21 da 'yan watanni. Shi ya sa a wasu bugu za ka tarar da tafsirin Fatiha can ƙarshe, manne da rabon Mahalli.

Sunan Suyuɗi ya iso ƙasashenmu tun yana raye. Ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan Takruru, ciki har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Askiya Muhammadu na Songhai ya gana da shi a Alƙahira a tafiyarsa ta hajji tsakanin 1496 da 1498, kuma wannan ƙasa tamu ta Dendi yanki ce ta daular Askiya. Ba mamaki da malamanmu, duk da kasancewarsu Malikawa, suka rungumi littafin.

Abin da ya ba shi karɓuwa shi ne gajarta. Yakan sa kalma ɗaya ko biyu tsakanin kalmomin aya ya wuce. An ruwaito cewa wani malamin Yaman ya ƙirga haruffa, ya ga na tafsirin da na Alƙur'ani kunnen doki suke har Suratul Muzzammil, daga Muddassir ne tafsirin ya rinjaya.

Sai dai gajarta ba ta hana shi ɗaukar matsayi a aƙida ba. A ayar Suratul Ƙiyama ya tabbatar da cewa muminai za su ga Ubangijinsu a lahira, abin da Mu'utazilawa irin su Zamakhshari mai Kashshaf suka musanta. A ayar daidaituwa bisa Al'arshi ya tsaya kan cewa daidaituwa ce wadda ta dace da Allah, bai ƙara ba. A Suratul Fajri kuwa, inda aka ambaci zuwan Ubangiji ranar hisabi, ya fassara shi da zuwan umarninsa. Wannan tafarkin Ash'ariyya ne, wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka karantar. Malaman Salafiyya ba su yarda da irin wannan tawili ba, kuma galibin gardamar da muke ji yau kan siffofin Allah tana komawa ga 'yan kalmomi irin waɗannan.

Malaman ƙasar Hausa ba su karɓi littafin ido rufe ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya kammala nasa tafsirin, Liya'ut Tawili, a 1816, ya ɗebo daga Jalalaini da Baidawi da wasunsu, aka buga shi a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi 4. Daga baya ya taƙaita shi a Kifayatu Du'afa'is Sudan, bisa ruwayar Warshu da fiƙihun Malikiyya, wato abin da almajirin allo ya saba da shi. Wasu malaman kuma suna karanta Jalalaini tare da hashiyar Sawi, Bamalike ɗan ɗariƙa da ya rasu a 1825, wanda ya faɗaɗa wuraren da littafin ya dunƙule.

Da rediyo ta shigo, sai lamarin ya sauya. A 1967 Rediyon Kaduna ya fara watsa tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello. Gumi ya rubuta Raddul Azhan bisa tsarin Jalalaini, amma ya kauce wa labaran Isra'iliyyat da ya ga ba su inganta ba. Daga baya tashar ta ba Shehu Ɗahiru Usman Bauchi fili, ana jin muryar ɗariƙa. Alƙur'ani ɗaya, tasha ɗaya, amma mai sauraro ya wayi gari da fahimta iri biyu.

A nan ne ni, a matsayina na mai gabatar da shiri, nake ganin nauyin da ke kanmu. Tafsirin azumi murya uku ne: aya, da bayanin littafi, da ra'ayin malam. Wanda ke zaune gaban malam yana ganin lokacin da ya ɗaga kai daga takarda ya shiga nasa bayani. Matar da ke dama kunu da rediyo a gefenta, ko masuncin da ke gyaran koma a bakin Kwara, ba sa gani. A kunnensu duka ukun sun zama "Allah ya ce". Da yake Jalalaini gajere ne, sararin da ya bari mai faɗi ne, kuma malam ne ke cike shi, wani lokaci da ilimi, wani lokaci da siyasa ko habaici ga abokin hamayya.

Don haka roƙona ga malamai shi ne su riƙa faɗa a fili: nan aya ta tsaya, wannan maganar Jalalaini ce, wannan kuma fahimtata ce. Mu ma ma'aikatan rediyo mu riƙa sanar da sunan littafin da ake karantawa da wanda ya rubuta shi kafin a sa faifai. Kai kuma mai sauraro, idan ka ji an kafirta wani a bakin tafsiri, tambayi wace murya ce ta faɗa cikin ukun nan kafin ka ɗauka ka kai kasuwa. Allah ya jiƙan Jalalu biyu, ya ba mu fahimtar littafinsa.